Na Ƙarshe Shi Ke Kwance Igiya

"Tsoro ne ya hana ni kwance igiyar nan, Kofur. Ba amana ba ce."

Datti ya faɗi wannan magana a ƙofar gidan Chollom da ke Vom, wata ranar Lahadi a ƙarshen daminar 1978, tun bai zauna ba. Tun daga Tudun Wada yake juya ta a baki cikin motar haya, yana gudun kada gaishe-gaishe su riga ta fitowa, ta koma ciki kamar yadda ta saba komawa fiye da shekara goma.

Chollom ya dawo daga coci ke nan, yana kan benci ya miƙe ƙafarsa ta hagu wadda ta daina lanƙwasuwa. Ya dubi abokin nasa daga hula har takalmi.

"Ka baro ɗinkin tamfol ɗinka, ka taso tun daga Jos, don ka gaya mini abin da na sani tun ranar? Zauna, Dogo. Kana tare mini rana."

Datti ya zauna.

"Jibi za su fasa Dutsen Gwauro," in ji shi. "Wani ɗan kwangila ya samu wurin. Tsakuwa yake so, ta zuba wa sababbin tituna. Sun gama huda shi ta baya."

Chollom ya daina shafa gwiwa.

Su uku ne a da: Datti, da Chollom, da Anayo. Yaƙin Boma ne ya haɗa su suna samari, a wani ɗan sashe na sojojin Afirka ta Yamma da aka ware don shiga gaban runduna a kan tuddai. Ƙasar Boma ba ta da hanya. Gangare ne bayan gangare, inda alfadari ma yakan tsaya ya ƙi. Aikinsu shi ne su hau inda ba a hawa, su ɗaura igiya, masu kaya su biyo. Wanda ya koya musu wani Bature ne siriri da ya yi horo da sojojin duwatsu a ƙasarsu. Yakan ba su labarin mayaƙan da ke ɗaura dogayen katako a ƙafa suna sulɓi a kan ƙanƙara da bindiga a baya, su kuwa suna zufa har cikin ido suna dariya, don ba wanda ya yarda. Suka sa masa suna Kyaftin Ƙanƙara. Amma ya koya musu ƙulli, ya koya musu yadda ake cusa hannu a tsagar dutse a dunƙule shi ya zama ƙugiya, da yadda ake amincewa da yatsan ƙafa fiye da damtse.

Sauran kuwa su suka ƙago wa kansu. Igiya ba ta da yawa, gajera ce kuma mai kauri. In aka bar ta a gangare, abokan gaba sun samu tsani, gobe kuma kai ba ka da abin sauka. Saboda haka a sashensu, in kowa ya sauka, mutum ɗaya yakan rage a sama, ya kwance igiyar, ya biyo dutsen da hannu da ƙafa. Bi da bi ake yi, ba a roƙo, ba a musanya. Na ƙasa sukan juya masa baya har ya iso, don sun gano idon mai tausayi ya fi kaya nauyi. In ya taka ƙasa sai kofur ya kira suna, kowa ya amsa, "Na sauka." Wanda dutse ya ci, na ƙarshe shi ke amsawa a madadinsa. Kafin a yi wannan kira, a wurinsu ba wanda ya sauka, ko da yana zaune yana shan shayi.

Bayan yaƙi suka taru a Jos. Anayo ya samu aikin gyaran injuna a wurin haƙar kuza, Chollom ya koma wajen shanun Vom, Datti ya buɗe rumfar ɗinkin tamfol na manyan motoci. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sukan hau Dutsen Gwauro, wani tsayayyen dutse da ya ware kansa daga 'yan uwansa a bayan Tudun Wada. Kusa da ƙololuwarsa akwai kogo, a bakin kogon suka kafa turken ƙarfe. Yaran unguwa da ke taruwa kallo, da yawansu a nan suka fara riƙe igiya.

A wannan kogo suka ɓoye Anayo da matarsa Nkechinyere a 1966, lokacin da gari ya rikice ake farautar mutanen Gabas. Kwanaki Datti yana tura musu tuwo da ruwa a bokiti. Da aka samu motar da za ta fitar da su, aka zuro matar, Anayo ya biyo, Chollom ya biyo. Layi ya zo kan Datti. Ya tsuguna gaban turken, ya leƙa tsagar da zai bi, sai gwiwoyinsa suka yi abin da ba su taɓa yi a Boma ba. Ya kama igiyar ya sulalo kamar kowa.

"A bar ta," ya ce a ƙasa, "ko za a sake buƙata."

Chollom ya buɗe baki zai kira suna, ya ga igiya tana lilo ba a kwance ta ba, ya rufe. Anayo ya ɗaga kai ya dube ta, ya dubi Datti, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta gefen baki.

"Ashe ina sama har yanzu. To ka riƙa kula da ni, Dogo."

Ya shiga mota. Bayan yaƙin basasa wani ɗan kasuwa da ya dawo Jos ya kawo labarin cewa ciwo ya kashe shi a can, a shekarar yunwa.

Rana da ruwa sun cinye jikin igiyar tuntuni. Amma ƙullin yana nan a inuwar kogon, baƙi kamar tabo, kuma daga ƙofar gidan Datti ana hango shi in mutum ya san inda zai duba. Datti ya san inda zai duba. Duk wanda ya tambaye shi yakan ce ya bar shi ne don Anayo, sai a jinjina masa kai a ce ga mai riƙon amana. Wannan jinjinar ta fi komai ci masa rai.

"To me kake so?" in ji Chollom. "Ka hana su? Da basillarka?"

"Dutsen ba na ubana ba ne. Su fasa. Amma ba za su fasa shi da mutum a sama ba."

"Dogo, ka ga furfurarka kwanan nan?"

"Layina ne."

Chollom ya daɗe yana kallon shingen ƙerana da ya kewaye gonarsa ta acca. Can ya ɗaga murya ya kira 'yarsa.

Esther ta fito tana goge hannu. Ita ce ta fi duk yaran da suka koya a Dutsen Gwauro naci. Daga baya ta je horon hawan dutse a tuddan Shere, yanzu tana koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata, tana kai ɗalibanta hawa ranar Asabar. Ta durƙusa ta gaida Datti, ta saurari maganar har ƙarshe.

"Abu mai sauƙi ne, Baba Datti," ta ce. "Ni zan hau in kwanto muku."

"A'a."

"To mu hau tare. Igiyata ta nailan ce, doguwa. In na ninka ta a turke, kai ma ka sauko a kanta, mu ja gefe ɗaya daga ƙasa ta biyo mu. Ba a bar komai a sama ba, ba wanda ya sa wuyansa a hannun dutse. Haka ake yi yanzu ko'ina."

"Dabara ce mai kyau," in ji Datti, kuma da gaske yake. "Da mun samu irinta a Boma da mutum biyu da na sani suna nan da jikokinsu."

"To shi ke nan?"

"Mu hau tare," ya ce. Chollom kuwa ya sunkuyar da kai yana sosa gwiwa.

Ranar Talata da sassafe Datti ya sa tsohon gajeren wandonsa a ƙarƙashin riga, ya soka basilla a aljihu, ya rataya gorar ruwa. Matarsa Tabawa tana hura wuta ta bi shi da kallo.

"Malam, in ka faɗo, ni ba zan ce wa mutane ciwon zuciya ba ne. Zan ce taurin kai ne."

"Ki faɗi gaskiya, ya fi."

"Kokon fa?"

"Ki rufe mini."

A gindin dutsen an kafa jajayen tutoci, an ja waya. Motar nakiya tana tsaye daga nesa, ma'aikata masu hular kwano suna jiran a ce su fara ɗura ramukan. Chollom ya riga shi isowa, shi da Esther da kujerarsa ta ninkewa. Datti ya ɗaga wayar ya wuce, kamar mai shiga rumfarsa.

"Kai, Baba! Baba! Ina za ka?"

Shugaban ma'aikatan ne, wani kakkauran mutum mai suna Dantong, ya taho da gudu usur na rawa a ƙirjinsa.

"Sama," in ji Datti.

"Ba ka ga tuta ba? Yau za mu tayar da wurin nan."

"Na gani. Akwai mutum a sama."

Dantong ya ja da baya ya kare ido da hannu. "Wane mutum? Jiya da yamma yarana suka zagaye shi. Ko akuya babu."

"Sunansa Anayo."

"Tun yaushe ya hau?"

"Tun kana makarantar firamare."

Wani daga cikin ma'aikatan ya tuntsire da dariya. "Oga Dantong, 'yan Boma ne fa. An ce dukansu da ɗan abin da ya taɓa su."

"Ya taɓa mu, yaro," in ji Chollom, yana buɗe kujerarsa daidai gindin dutsen. "Har yanzu bai sake mu ba." Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ɗora sandarsa a cinya. "Dantong, ɗan wa kake? Ba na gidan Badung ba na wajen Bukuru? Na san mahaifinka. Ka ɗura nakiyarka in ka ga dama. Ƙafa ɗaya ce dama ta rage mini mai amfani."

"Baba, don Allah, mai kwangila yana hanya. Me zan ce masa?"

"Ka ce masa sojoji sun kama dutsen."

Dantong ya cire hular kwanonsa ya share goshi. Ya dubi tsohon da ke zaune, ya dubi wanda ke cire takalmi, ya dubi matar da ke warware jar igiya ba ta ko kallonsa. Ya juya ya daka wa direban motar nakiya tsawa cewa ya ƙara ja da baya.

Esther ce ta yi gaba. Datti ya tsaya yana sakar mata igiya ta bayan kugunsa, yana kallon yadda take ɗora ƙafa sau ɗaya ba ta gyarawa, yadda take cusa hannu a tsaga ta dunƙule. Hannun Kyaftin Ƙanƙara ne, ya biyo ta hannun Anayo, don shi ya koya mata wannan tana ƙarama. Da ta kai kogon ta ja igiyar ta yi tauri, ta kira shi.

Dutsen yana da sanyi a tafin ƙafa. Jikinsa ya tuna hanyar kafin kansa ya tuna, amma jikin ya yi nauyi, numfashi kuma ya gajarce. Sau biyu ƙafarsa ta zame igiyar ta riƙe shi. Ya isa bakin kogon yana haki, ya zauna ya jingina.

Ga turken. Ga ƙullin, ya ƙanƙance ya bushe, da guntun wutsiya kamar ta ɓera. A can cikin kogon har yanzu akwai baƙin hayaƙi a rufin, inda Nkechinyere ta riƙa ɗumama ruwa.

"Da wuƙa zai fi sauri," in ji Esther.

"Ba a yankawa. Ki sauka, 'yata."

Ta ninka igiyarta a turken, ta jefa bakin biyu ƙasa, ta nuna masa yadda zai zura ta a ƙarfen da ta ɗaura masa a kugu. Ta sa ya maimaita a gabanta. Ya maimaita daidai. Sannan ta juya baya ga sarari ta sulale, tana tafiya a jikin dutsen kamar mai taka daɓe.

"Na iso, Baba Datti! Igiya taka ce!"

Datti ya kama gefe ɗaya ya ja har ta zare daga turken, ya tattara ta, ya sake. Ta faɗi a gaban Esther kamar jan maciji.

Ihunta ya iso masa a sarari. "Baba Datti! Ba haka muka yi ba!" Sai muryar Chollom a bayanta, ba ta wasa ba, muryar kofur: "Esther. Juya baya. Kai ma Dantong, da kai da yaranka. Duk wanda ya ɗaga kai zan fasa masa hular da sandan nan."

Datti ya tsuguna gaban turken. Ya tsiyaya ruwa a kan ƙullin, ya jira ya sha, ya ƙara. Ya soka basilla a inda igiyar ta hau kanta, ya murza a hankali kamar yadda yake buɗe tsohon ɗinki ba tare da ya yaga tamfol ba. Zaren yana marmashewa a yatsunsa. Ƙullin nasa ne, shi ya ɗaura shi, ya san ta inda ya shiga da ta inda ya fita. Ya bi shi baya-baya. Can abin ya yi ɗan nishi ya saki, ya zama guntun igiya mai lanƙwasa, bai kai kamu biyu ba. Ya cusa shi cikin riga.

Sannan ya leƙa tsagar.

Tana nan yadda ya bar ta. Gwiwoyinsa ma suna nan yadda ya bar su: suka soma rawa. Ya zaci shekarun nadama sun ƙone tsoron, ashe kiwonsa suka yi. Ya ji haushi ya taso masa, ba na ɗan kwangila ba, ba na Dantong ba, na waɗannan gwiwoyi biyu da suka yi mulkinsa tun ranar nan.

"Ku yi ta rawa," ya ce musu. "Da ku za a sauka."

Ya yi bisimilla, ya juya, ya zura ƙafa. Hannu a tsaga, a dunƙule. Yatsan ƙafa ya lalubi ƙaramin tudu. Ɗaya hannun. Bai dubi ƙasa ba, bai dubi sama ba, sai ƙwayoyin dutsen da ke gaban hancinsa, fari da baƙi da ruwan hoda. A tsakiyar hanya tsagar ta yi faɗi, dunƙulen hannu ya daina cika ta, nan ne wurin da ya gani a mafarki ba adadi. Ya tura kafaɗa da cinya ciki, ya zama shi ne abin toshe ta, ya riƙa jan jiki ƙasa kaɗan-kaɗan, dutsen yana kankare masa fata. Ƙafar dama ta zame. Nauyinsa duka ya koma kan hannun hagu, ya ji fatar bayan hannun ta tafi. Ya rataye a haka, ba wanda ya gani, ba wanda ya ce wayyo. Daga ƙasa ba abin da ke tasowa sai kukan wata kurciya da tarin wani ma'aikaci. Ya lalubi wurin ƙafa, ya samu, ya tsaya har numfashi ya dawo.

Sauran ya zo da sauƙi, ko kuwa shi ne ya daina ji. Tafin ƙafarsa ya taɓa ciyawa mai raɓa.

Suna tsaye a jere, duk sun ba shi baya, har da masu hular kwano. Kafaɗun Esther suna motsi. Chollom ya miƙe daga kujera, yana dogare da sanda.

"Kofur," in ji Datti.

Suka juyo. Esther ta ga jinin da ke ɗiga daga hannunsa ta yo kansa. "Ba zan sake hawa da kai ba har abada, wallahi. Ka yaudare ni, Baba Datti."

"Na yaudare ki. Ki yi haƙuri. Dabararki ta fi tamu, ita za ki koya wa yaranki."

"To me ya sa?"

Chollom ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya gyara tsayuwa iyakar yadda ƙafar ta bari, ya maƙale sandar a hammata. Dantong, da ya buɗe baki zai yi maganar mai kwangila, ya fasa, ya cire hularsa bai san dalili ba.

"Chollom," in ji Chollom, ya amsa wa kansa: "Na sauka. Datti."

"Na sauka."

"Anayo."

Iska ta kaɗa jajayen tutocin. Datti ya sa hannunsa mai jini cikin riga, ya fito da guntun igiyar, ya naɗe ta sau ɗaya don ba ta kai a naɗe sau biyu ba, ya ɗora a tafin Chollom.

"Ya sauka," ya ce.